TAYA, BIRKI DA ƘAFAR MOTA: Darasin Filin Tsere ga Kanikawan Suleja

Suleja, Jihar Neja. Duk wanda ya san harkar cinikin mota a wannan yanki ya san cewa tambayar farko da mai saye kan yi ita ce ta lafiyar inji. Za a tayar da mota, a kasa kunne, a duba hayaƙi, a tambayi yawan man da take sha. Da wuya a ga wanda ya durƙusa don ya karanta rubutun da ke jikin taya, ko ya buɗe mazubin man birki ya duba launinsa. A garejojin unguwar Hashimi da sauran unguwannin Suleja ma haka lissafin yake tafiya: inji shi ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin gyara, taya da birki da ƙafar mota kuwa sai abin da ya saura.

Masu tseren motoci a ƙasashen da wasan ya kafu sun daɗe da juya wannan lissafi. Idan mutum ya kai motarsa wurin masu shirya mota don shiga filin tsere, ba su fara taɓa inji ba. Sukan fara da taya, sa'an nan birki, kana ƙafar mota, watau sifirin da shakazoba da duk ƙarafan da ke riƙe da taya a jikin mota. Dalilinsu kuwa na lissafi ne: motar da ke iya jinkirta taka birki har ta kusa kwana, ta kuma sha kwanar ba tare da ta zame ba, ita ke riga sauran kammala zagaye, ko da injinta bai kai nasu ƙarfi ba.

Wannan batu ya fara shafar aljihun jama'ar wannan yanki ta fuska biyu. Ta farko ita ce yawaitar matasa a Abuja masu sayen motoci masu ƙarfin inji, irin su BMW da Mercedes-Benz da Lexus, suna wasa da su a ranakun ƙarshen mako, abin da ya sa 'yan sandan Birnin Tarayya suka sha yin gargaɗi a kan tsere da jan taya a titunan jama'a. Ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna da ta ratsa ta gefen Suleja, inda direban haya da ma'aikacin gwamnati ke yin gudun da ba shi da nisa da na filin tsere, amma a kan tayoyin da babu mai shirya gasa a duniya da zai yarda su taka filinsa.

Idan dai ba a manta ba, ranar 6 ga watan Maris na 2016 ne Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan wannan hanya. Rahoton da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gabatar bayan hatsarin ya ambaci fashewar tayar baya, da gudu fiye da kima, da kuma taka birki da ƙarfi bayan tayar ta fashe. Motar babba ce, mai tsada, injinta kuma bai gaza ba.

Tafin hannu huɗu

Duk girman mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu a ƙarƙashin kowace taya ba. Ta wannan ɗan wuri ne ƙarfin inji ke sauka a kwalta, ta nan sitiyari ke juya mota, ta nan kuma birki ke tsayar da ita. Saboda haka masu tsere ke ɗaukar taya a matsayin gyara na farko, kuma mafi riba a kan kowace Naira da aka kashe.

Tayar filin tsere robarta mai laushi ce, zanenta kaɗan ne, wata ma sumul take ba zane ko ɗaya. Idan ta yi ɗumi sai ta kama kwalta kamar danƙo. Amma tana cinyewa da sauri, wani lokaci cikin yini ɗaya ko biyu na wasa, kuma idan aka yi ruwan sama ba ta da hanyar fitar da ruwa daga ƙarƙashinta, sai mota ta hau kan ruwan ta yi ta sulɓi. Nan ne wasu ke yin mummunar fahimta, su ga hoton motar tsere da taya sumul, su ɗauka cewa tayarsu da ta side ba ta da laifi. Tayar da ta side tsohuwar roba ce da ta bushe ta yi tauri, ba abin da ya haɗa ta da waccan sai kama. A ƙasashen Turai doka ta hana hawa titi da tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6.

Kowace taya tana ɗauke da tarihinta a rubuce a gefenta, sai dai masu karanta shi ba su da yawa. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2319, alal misali, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha faɗakar da direbobi cewa su ɗauki shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, yayin da wasu kamfanonin ƙera taya ke cewa a riƙa kai ta bincike duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta haura goma ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne aka bi daga ciki, yawancin tayoyin gwanjo da ake jibgewa a bakin hanya sun riga sun ci rabin rayuwarsu kafin su hau jirgin ruwa.

Akwai kuma harafin da ke bin lambar nauyi, wanda ke nuna iyakar gudun da taya za ta jure. Harafin S na nufin kilomita 180 a sa'a guda, T na nufin 190, H na nufin 210, V kuwa 240. Har ila yau akan rubuta darajar jure zafi da A ko B ko C, inda A ta fi. Sai wata alama da ya kamata kowane mai faci ya sani, hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. Wannan tayar hunturu ce, an haɗa robarta don yanayin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selsiyos. Zanenta yakan yi zurfi da kyan gani, shi ya sa take saurin shiga a kasuwar gwanjo. A kan kwaltar watan Maris, lokacin da zafin rana a Suleja ke kusantar digiri 40, robar takan yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, ta kuma tsawaita tazarar tsayawa.

Maganar iska ita ce inda al'adar filin tsere da ta bakin titi suka fi nisa da juna. Mai tsere yana yawo da gejinsa a aljihu, yana auna iska kafin ya shiga fili, yana kuma aunawa da zarar ya fito, domin ya san iska na ƙaruwa da kimanin awo ɗaya na PSI duk lokacin da zafin cikin taya ya hau da digiri 5 zuwa 6. Bambancin awo biyu kan sauya yadda mota ke shan kwana. A bakin titi kuwa, sau da yawa geji ya lalace ko babu shi sam, sai a buga wa taya ƙarfe a saurari ƙara. Ƙananan motoci da yawa awo 30 zuwa 35 masu ƙera su suka ƙayyade, kuma adadin yana nan a manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Lambar da ke jikin taya iyaka ce da bai kamata a wuce ba, ba ita ce abin da ake so a zuba ba.

Iskar da ta yi yawa tana rage faɗin tafin da ke taɓa ƙasa. Wadda ta yi kaɗan ta fi haɗari, domin gefen taya zai riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi har ya yi zafi, wayoyin ciki su rabu da roba, tayar ta tarwatse. Abu guda ne bai kamata direban titi ya kwaikwaya daga mai tsere ba, shi ne sace iska daga taya mai zafi. Mai tsere yana yin haka ne saboda a zafi tayarsa za ta yi dukan aikinta. Direban da ya yi haka a Tafa ko Jere, da safe zai tarar da tayarsa ba ta da isasshiyar iska. Na titi a sanyaye ake aunawa, kafin a fara tafiya.

Inda gudu ke komawa zafi

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya koma zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan tana gudun kilomita 100 a sa'a guda aka tsayar da ita cik, zafin da zai sauka a kan faifan birki ya isa ya kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa, kuma cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan zafi ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da gudu. A gudun 140 ya kusa ninki biyu, a gudun 200 ya zama ninki huɗu. Haka ita ma tazarar tsayawa. Motar zamani mai lafiyayyar taya a busasshiyar kwalta tana buƙatar mita 35 zuwa 40 kafin ta tsaya daga gudun 100, ban da kusan mita 28 da take ci a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta kai ga birki.

A titi mutum kan taka birki mai ƙarfi sau ɗaya, ya daɗe bai sake ba. A filin tsere kuwa sai a taka shi sau goma a zagaye ɗaya, ba tare da ya sami sararin hucewa ba. Wannan ne ya sa tarihin birki ke manne da tarihin tsere. A shekarar 1953 motar Jaguar ta lashe gasar sa'a 24 ta Le Mans a Faransa da birki mai faifai wanda aka ƙera tare da kamfanin Dunlop, a lokacin da abokan hamayyarta ke fama da birki mai ganga, wanda ke riƙe zafi a cikinsa. Daga nan ne faifai ya bazu zuwa motocin jama'a. A gasar Formula 1 ta yau zafin faifan birki yakan kai digiri 1,000.

Birki yana gazawa saboda zafi ta hanya biyu, kuma bakanike mai basira zai iya gane wadda ta faru daga bayanin direba kaɗai. Idan direba ya ce ya taka birki ya ji shi da tauri yadda ya saba amma mota ta ƙi tsayawa, to takalmin birki ne, watau abin da ke matse faifai, ya yi zafin da ya wuce ƙarfinsa. Idan kuwa ya ce ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso, to man birki ne ya tafasa. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafa zuwa taya, amma tururi yana matsuwa.

Man birki shi ne gyara mafi araha a cikin dukan waɗannan, shi ne kuma aka fi wofintarwa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ta ce sabon mai samfurin DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuwa digiri 260. Matsalar ita ce wannan mai yana zuƙar laima daga iska. Idan ya sha ruwa, DOT 3 kan iya tafasa a digiri 140 kacal, DOT 4 a 155. Don haka masu ƙera motoci da dama ke cewa a zubar da shi gaba ɗaya a sa sabo duk bayan shekara biyu, masu tsere kuwa sukan sauya nasu kafin kowace babbar fita. A nan gida ciko ake yi, ba sauyi ba, kuma gwangwanin da aka buɗe tun bara shi ake ɗaukowa daga kan kanta bayan ya sha damina guda. Akwai ma direbobin da, idan mai ya tsiyaye musu a hanya, sukan zuba ruwan garin sabulu su ci gaba da tafiya. Wannan ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cin roba da ƙarfe. Sai a kula da DOT 5, wanda duk da kamancin suna haɗinsa daban ne, ba a gauraya shi da sauran.

Bayan mai sai takalmin birki. Na filin tsere an yi shi ne don ya yi aiki a tsananin zafi, amma da sanyin safiya ba ya kamawa sosai, yana ƙara, yana kuma cin faifai. Wanda ya ɗaura shi don kai yara makaranta ya sayi wahala da kuɗinsa. Masu amfani da mota ɗaya a titi da fili sukan zaɓi matsakaici, ko su riƙa sauyawa. Sukan kuma maye gurbin tiyon roba da ke kai mai zuwa taya da wanda aka naɗe da saƙar waya, domin kada ya kumbura idan ya yi zafi, su kuma jawo bututun iska daga gaban mota zuwa faifan gaba, tunda birkin gaba ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa.

Manyan faifai masu ramuka da jajayen maƙalai, waɗanda ke leƙowa ta cikin rim, su ne matasa suka fi sha'awa, su ne kuma suka fi tsada. Gaskiyar magana ita ce ba su rage tazarar tsayawa a takun farko. Birkin da mota ta zo da shi daga kamfani ya riga ya isa ya daskarar da taya, saboda haka taya ce ke yanke hukunci. Amfanin babban faifai shi ne ya jure taku na goma da na ashirin. Wanda ya kashe dubban ɗaruruwan Naira a kansa alhali tayoyinsa na gwanjo ne, ya yi ado ne kawai.

Akwai ɗabi'u biyu na masu tsere da ba sa cin ko kwabo. Sukan yi zagaye na ƙarshe a hankali don birki ya huce, ba sa kuma ja birkin hannu da zarar sun tsaya, don kada takalmi ya manne wa faifai mai zafi. Sukan kuma rage giya kafin kwana. Direban babbar mota da ke sauka gangare irin na Kugbo, a hanyar Abuja zuwa Keffi, da ƙafarsa a kan birki tun daga sama maimakon ya sa ƙaramar giya, yana yi wa motarsa abin da zagaye goma na fili ke yi wa motar tsere.

Ƙafar mota: fili daban, gargada daban

A ƙafar mota ne kwaikwayon Turai ido rufe ya fi yin ɓarna. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shakazoba kuwa aikinta ta hana shi yin ta tsalle bayan an faɗa rami. Idan shakazoba ta mutu, taya kan riƙa barin ƙasa tana dawowa, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Alamar hakan tana bayyana a jikin taya, inda za a ga ta cinye rami-rami.

Domin filin kwalta mai santsi, ana rage tsawon mota, a sa sifirin mai tauri da sanda mai kauri ta hana tangaɗi, a kuma karkata kan tayoyin gaba ciki kaɗan domin idan mota ta jingina a kwana tafin taya ya kwanta sosai. Wannan shiri yana da kyau a Kyalami ta Afirka ta Kudu, filin da ya karɓi gasar Formula 1 ta ƙarshe a nahiyar nan a 1993. A hanyar Suleja zuwa Minna kuwa, motar da aka yi wa haka ba za ta daɗe ba kafin ta fasa tukunyar man inji ko ta lanƙwasa rim. Mafi muni shi ne yanke sifirin da wuta don mota ta kwanta, abin da ke lalata ƙarfen ya kuma kashe shakazoba. Haka nan manyan rim masu siririyar taya, waɗanda ba su bar wa roba wurin shanye dukan rami ba.

Misalin da ya fi dacewa da hanyoyinmu yana cikin tseren daji. A shekarar 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe gasar Safari ta Kenya da Peugeot 504, a shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa wannan mota a Kaduna. Kafin ta, Peugeot 404 ta ci gasar sau huɗu a shekarun 1960. Ba ƙarfin inji ya ba su nasara ba, don akwai waɗanda suka fi su. Ƙafa ce mai dogon zango, mai laushi, mai jure duka, ita ce kuma ta sa 504 ta shafe kimanin shekara 30 tana mulkin tashoshin motar Nijeriya. Tsananin irin waɗannan hanyoyi ya bayyana a gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa a 1972, inda ba a sami mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe ba. Mutanen Agadas ma sun ga irin wannan shiri da idonsu a shekarun da gasar Faris zuwa Dakar ke ratsa Jamhuriyar Nijar.

Direbobin haya suna da nasu gyaran, sukan ƙara ganyen sifirin ko su cusa roba don mota ta ɗaga ta ɗauki lodi. Motar takan ɗaga ɗin, amma birkinta da tayarta suna nan yadda aka ƙera su don rabin wannan nauyi. Kafin duk wani ƙari, abin da mai shirya motar tsere ke fara yi shi ne ya tabbatar cewa bushin da tayarod da boljoyin ba su da wasa, sa'an nan ya daidaita saitin tayoyi a kan na'ura.

Me ya sa gwanjo ya ci kasuwa

Ba jahilci kaɗai ya kai masu motoci ga tsohuwar taya ba. A 1985 Naira ta fi Dalar Amurka daraja a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da buɗe kasuwar musayar kuɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwar motocin Kwatano da kayan gyara na hannu ta buɗe. Duk da haka ƙasar tana da masana'antun taya biyu, na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Ikeja. Michelin ya rufe nasa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, inda aka danganta hakan da tsadar wutar lantarki da rage harajin shigo da tayoyi. Ana ci gaba da tatsar roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, ana fitar da ita ɗanya, a dawo da ita a matsayin taya da farashin Dala.

Sa'ad da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar da ake saye kimanin Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma hakan ya zo ne makonni kaɗan bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu. Direban da kuɗin mai ya cinye masa riba, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗage sayen taya zuwa wata mai zuwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, amma mai ido ya san ba su yanke a kasuwa ba. Sai kuma matsalar jabu, musamman a takalmin birki da man birki, inda kwali ke ɗauke da sunan babban kamfani, abin da ke ciki kuwa sai Allah. Daga Ladipo a Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Zuba a nan kusa, ɗan kasuwa kan tambayi mai saye ko na asali yake so ko mai sauƙi, kuma amsar da aka fi bayarwa sananniya ce.

A nan ne damar Suleja take. Garin da ya ba wa Birnin Tarayya sunansa na asali, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, ya zama masaukin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa tun bayan da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Kuɗin hayar fili a Hashimi bai kama ƙafar na Apo ba, kasuwar Zuba kuma tana kusa. Abin da aikin taya da birki da ƙafa ke buƙata bai kai jarin buɗe wurin gyaran inji na zamani ba: geji mai gaskiya, ɗan abin gwada laimar man birki, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, na'urar daidaita nauyin taya da ta saiti. Na'urorin biyu na ƙarshe ne ke da tsada, suna kuma buƙatar wutar lantarki tsayayya, wadda ita ce ta kori masana'antun taya tun farko. Ƙungiyar kanikawa ta NATA na iya haɗa kan 'ya'yanta su mallaki irin waɗannan na'urori a wuri guda, maimakon kowa ya jira ranar da zai iya saye shi kaɗai.

Bai kamata a zuzuta girman kasuwar masu tsere ba. Filayen da aka keɓe wa wasan a Nijeriya ba su taka kara sun karya ba. Akwai wanda aka buɗe a Evbuobanosa ta Jihar Edo, akwai tseren da aka riƙa shiryawa a Ilara-Mokin ta Jihar Ondo, sai kuma jerin gwanon motoci zuwa Argungu da aka farfaɗo da shi a bikin kamun kifi na 2020. Muddin babu fili a kusa da Abuja, matasan za su ci gaba da wasansu a titi, inda doka ta ƙayyade kilomita 100 a sa'a ga ƙananan motoci a babbar hanya, 90 ga motocin haya, 50 a cikin gari. Fili mai shinge da motar asibiti da mai duba mota kafin ta shiga zai raba su da masu tafiya a ƙasa, zai kuma tilasta musu sayen kayan ƙwarai, domin a filaye da dama ba a barin mota ta shiga fili sai an duba zanen tayarta, da kaurin takalmin birkinta, da ranar da aka sauya mata man birki.

Kafin a kai ga haka, masu sayen wannan ilmi na gaskiya su ne masu motocin haya da ke lodi a tashoshin Suleja zuwa Kaduna da Minna da Lakwaja, da ma'aikatu masu tarin motoci, da kamfanonin inshora da ke biyan diyya. Tun daga watan Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Na'urar tana iya hana mota wuce 90 ko 100, amma ba ta da ta cewa a kan mita nawa motar za ta ci kafin ta tsaya idan tirela ta tare hanya a mararrabar Dikko.